Ranar Da Na Ce Wa Gwaggo Ta Faɗi Duk Abin Da Ke Ranta

Sallama gare ku masu bibiyata. Ku gyara zama, don abin da ya same ni ranar Laraba ba wanda ya jawo min shi. Ni da kaina na ɗauko shi a mota, na kai shi ofis, na ba shi kujera, sannan na maƙala masa makirufo a wuya.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ce autar gidanmu, kuma ƙaramar malama ce a jami'a. Darasin da nake koyarwa sunansa tsarin bayanai. Duk wanda na faɗa wa sai ya gyaɗa kai kamar ya gane, alhali bai gane ba. Ga shi a sauƙaƙe: ka taɓa buɗe manhaja a wayarka kana neman inda za ka biya kuɗin wuta, ka yi ta danne-danne har ka tsine wa wanda ya yi ta? To mu ne muke koya wa yara yadda za su jera abubuwa, su raba su rukuni-rukuni, su sa wa kowanne sunan da mutum zai gane, don kada a tsine musu. Umma ta ce in dai wannan ne, ita ma farfesa ce a kicin.

Sai kuma Mai Tukwane, mai neman aurena. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma ya zo da saitin tukwane, shi ke nan Yaya ya laƙaba masa, har Baba ma wani lokacin sai bakinsa ya suɓuce. Yana da babban shagon kayan gida, sama da ƙasa. Mutumin kirki ne, mai tsafta, mai kunyar manya, rigarsa kullum a goge kamar yau aka ɗauko ta daga wurin tela. Aibinsa ɗaya ne, magana. In na tura masa "ya aiki?" sai ya turo saƙon murya. In ajiye wayar, in je in shanya wanki, in dawo, yana nan yana bayanin bambancin tukunyar da ke kama abinci da wadda ba ta kamawa. In muna zaune a falo na ce, "Ni dai ina ganin..." sai ya cafe: "Kina ganin ya kamata mu ƙara sanin juna, haka ne, ni ma abin da na ce wa ƙanina ke nan." Ni kuwa cewa zan yi ina ganin fankar ta yi ƙarfi.

Ranar Lahadi da safe Baba ya kira ni. Yana zaune da jarida a cinya, gilashinsa a ƙarshen hanci.

"Auta, ba a jiƙa ɗan mutane a bari kamar kayan wanki. Ranar Juma'a zai zo wurina. In kina so, ki ce kina so. In ba kya so, in sallame shi cikin mutunci. Amma ba zan sake ce masa kina tunani ba, na gaji da kunya."

"To Baba."

"To ɗin nan taki ita ce ta kawo mu nan."

Bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Ina son sa. Sosai ma. Abin da nake tsoro shi ne in ƙare rayuwata da rabin magana a baki, kullum wani yana ƙarasa min ita ba daidai ba. Shi ya sa Juma'ar nan ta tsaya min a rai.

Dama kuma akwai zancen manhajarsa. Ya sa an yi wa shagonsa manhaja don mutane su riƙa saye daga gida, amma sai su sauke ta, su leƙa, su buga waya shagon suna tambayar ko akwai bokiti. Da ya gama min ƙorafi na ce ɗalibaina suna neman aikin gaske da za su gwada iliminsu a kai. Kafin in rufe baki ya amince, ya kuma zaɓa mana Laraba.

Yadda muke gwajin nan shi ne, sai a samo mutumin da bai taɓa ganin manhajar ba, a zaunar da shi a ƙaramin ɗaki, a ce ya nemo abu kaza. Kyamara tana ɗaukar wayar da hannunsa, ɗalibai kuma suna zauren lakca na kusa suna kallo a babban allo, suna ji ta lasifika. Dokoki biyu ne. Mai gwajin zai riƙa faɗin duk abin da ya zo ransa da ƙarfi. Ni kuma da nake zaune kusa da shi ba zan taimaka ba, ba zan gyara ba, ba zan katse shi ba, in ya yi tambaya ma sai dai in mayar masa da ita. Mai manhajar shi ma zaure zai zauna ya kama bakinsa, kuma muna goge sunan shagon don mai gwaji ya faɗi gaskiya ba kara. A kan dokar rashin katsewar nan ba na wasa. Zangon da ya wuce sai da na zaftare wa wani ɗalibi maki don kawai ya yi tari ya nuna maɓalli da haɓa. Har yau suna kirana Malama Kar-Ka-Taimaka in sun ga na ba da baya.

Laraba da safe ina gaban madubi, na fito da mayafai har gadon ya cika, na ɗaura ruwan toka na cire, na ɗaura ruwan ƙwai na ga kamar zan je biki, na koma kan ruwan tokar. Sai ga saƙo daga matar da muka shirya za ta yi mana gwajin: ɗanta ya kwana da zazzaɓi, suna asibiti. Kafin in gama karantawa nasa ya shigo: "Na kama hanya. Na taho wa ɗalibai da biskit da ruwa." Da saƙon murya a ƙasa, wanda ba ni da lokacin buɗewa.

Na fito falo ina ta kiran waya. Mace nake nema mai sayen kayan gida, wadda waya ba ta zama mata ruwan sha ba. Umma ta dube ni ta dubi kujerar gefe.

"Ga Gwaggonki nan zaune, me ya kai ki neman wata?"

Gwaggo yayar Baba ce. Ta zo ganin likitan gwiwa ne, aka sauke ta a ɗakina, likita ya sallame ta ita kuma ba ta sallame mu ba. A duk dangi babu mai goyon bayan Mai Tukwane kamarta. Da ina cikin hankalina da na ce a'a. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"Jami'a?" in ji Gwaggo. "Miƙo min jakata da sabon takalmin nan. Ashe da rabon in shiga kafin in mutu."

A mota na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ɗalibai za su riƙa kallo suna ji. Ta ce su kalla, ba sata za ta yi ba. Na ce ba ita ake gwadawa ba, manhajar ake gwadawa. Ta ce ko ita ake gwadawa za ta ci. Abin da ban faɗa mata ba shi ne mai manhajar, don doka ta hana.

Na leƙa zaure kafin mu fara. Yana layin baya cikin farar riga, ya riga ya tara yara uku yana musu bayanin yadda ake gane cokali mai tsatsa. Na tsaya a gaba na maimaita dokoki, na dube shi ido cikin ido na ce, "Mai kaya ba ya magana har a gama." Ya ɗaga hannu zai ce wani abu, ya tuna, ya sauke.

A ƙaramin ɗakin na zaunar da Gwaggo, na maƙala mata makirufo a bakin mayafi, na ajiye wayar a gabanta.

"Gwaggo, duk abin da ya zo ranki, ki faɗe shi da ƙarfi. Kar ki ɓoye komai."

"Komai?"

"Komai. Yanzu ki ɗauka fulas ɗin shayinki ya fashe, kina son sayen sabo."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Fulas ɗin nan ya girme ki."

"Misali ne, Gwaggo."

Ta gyara gilashi ta kusanto da fuska. A shafin farko manyan maɓallai ne guda biyar: Kayan Ƙasa, Kayan Bene, Sababbin Zuwa, Na Musamman, Sauran Kaya. Ni tun ranar da na fara gani na gane ciwon. Bawan Allah ya jera manhajar ne yadda shagonsa yake, abin da ke hawan ƙasa yana Kayan Ƙasa, abin da ke sama yana Kayan Bene. Shi da yaran shagonsa kaɗai suka san wannan a duniya.

"Kayan Ƙasa," Gwaggo ta karanta. "Wannan su tabarma ne da tsintsiya. Bari dai in leƙa." Ta danna. "Firiji. To, gaskiyarsu, ban taɓa ganin an rataye firiji ba. Ta ina ake komawa?"

"Ke ta ina kike ganin ake komawa?"

Ta kalle ni ta saman gilashi. "Au, haka aikin naki yake? A tambaye ki ki tambaya, wata ya ƙare a ba ki albashi?"

Ta lalubo hanya da kanta. Kayan Bene ta ce ba nata ba ne, ita gidanta ba bene. Na Musamman ta ce na masu kuɗi ne, ba za ta shiga a yi mata kallon banza ba. Sababbin Zuwa ta ce ita ba ta yarda da sabon abu sai wani ya fara saye ya ga ƙarshensa. Ta faɗa Sauran Kaya, inda aka zuba komai da komai, daga abin matse lemo har labulen banɗaki. Ina zaune ina jin daɗi a raina, don darasi yana fita tsaf, ko ni na rubuta ba zai kai haka ba.

Sai ta danna hoton wani cokali, bayani ya zubo ya cika allo.

"Ikon Allah. Cokali ɗaya sai an ba ka tarihin kakansa. Mai wannan abu surutu gare shi." Ta ja yatsa, bayanin bai ƙare ba. "Sak mutuminki. Mai Tukwane."

Na yi maza na mayar da ido kan wayar.

"Ki ci gaba da neman fulas ɗin, Gwaggo."

"Ina nema. Ke kika ce in faɗi abin da ke raina, shi ne a raina. Ba ke kika ce wa uwarki a kicin rediyo ne da maɓallin kashewarsa ya lalace ba? Kika ce in aka aura miki shi, sai dai ki riƙa rubuta masa takarda kina turawa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina tsakar gida ina jin ku. Gwiwata ce ke ciwo, ba kunnena ba."

Za ku ce me ya hana ni tsayar da gwajin. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Hannuna ya tashi zai cizge makirufon, sai na tuna yaron da na zaftare wa maki yana layin gaba yana kallo. Girman kai da ruɗewa suka haɗu suka danne ni a kujera. Na yi murmushin da ake yi wa mai ɗaukar hoton fasfo, gumi yana bin bayana.

Gwaggo kuwa ta samu fili. Yatsa yana jan allo, baki yana aiki.

"Amma duk ƙaryar banza ce. Ni da muke ɗaki ɗaya za a faɗa wa? Saƙon nan nasa da kike cewa ya yi tsawo, sai ki toshe kunne da igiyar waya ki saurara, ya ƙare ki mayar farko, kina dariya ke kaɗai kamar an taɓa ki. Ƙaramar tukunyar cikin saitin da uwarki take ta nema tana zargin maƙwabta, tana cikin durowarki a ƙarƙashin zannuwa, na gan ta. Yau ma da safe kin zazzage mayafai kamar mai tashi daga gida. Ni ban san wa za ki gani ba." Ta ɗago ta zuba min ido. "Ke Auta, tsakaninki da Allah, kina son yaron nan ko ba kya so?"

Shekarun koyarwa ne suka amsa, ba ni ba. Na ji bakina yana cewa, "Ke me kike gani, Gwaggo?"

"Abin da nake gani? Kin mutu a kansa, boko ne ya hana ki faɗa. Kina kukan ba ya barin ki magana, ke yaushe kika taɓa cewa tsaya in gama? Sai ki yi shiru ki kumbura kina jira a karanta goshinki. Shi nasa ya yi yawa, ke naki ya yi kaɗan, in aka haɗa a raba biyu an samu mutane."

Ta bango na jiyo zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har da buga tebur.

"Me ake yi a can?" in ji Gwaggo. "Ƙwallo suke kallo?"

Ta ƙara ja sau biyu ta ture wayar. "Ni na haƙura. In sha shayin da sanyi." Fulas yana Kayan Bene, inda ta ce ba nata ba ne.

Na cire mata makirufo, na ba ta biskit da ruwa, na ce ta jira ni. Na nufi zauren. Ina shiga kowa ya sunkuya yana rubutu, irin rubutun da biro ba ya taɓa takarda. Na dubi layin baya. Kujerarsa babu kowa.

"Ina baƙonmu?"

Wata ɗaliba ta ce, "Ya fita, Malama. Daidai wurin rediyo."

"Ya ce wani abu?"

"Ko uffan. Tun da aka tsallake Kayan Bene ya sa hankici a baki ya cije. Da aka zo wurin rediyo sai ya cire, ya ninke, ya sa a aljihu, ya fita a hankali."

Kun gane abin da ya faru? Ajin nan gaba ɗaya, har da masu zuwa don sa hannu kawai, sun ji ina son sa. Mutum ɗaya ne bai ji ba. Abin da ya tafi da shi rediyo ne da takarda ta ƙarƙashin ƙofa.

Na yi darasin da ban taɓa yin mai gajartarsa ba. Na ce mai kaya ya jera kaya yadda suke a shagonsa, mai saye kuma yana nema yadda suke a kansa, shi ya sa ba su haɗu ba. Na ce kowa ya rubuta sunayen kayan a ƙananan katuna, ya kai wa mutanen gidansu su rarraba yadda suka ga ya dace, ya kawo min mako mai zuwa. Wani daga baya ya ce, "Malama, har da ƙaramar tukunya?" Na ce ya same ni a ofis. Na fita ban ɗauki ko jakata ba.

Motarsa tana nan a inuwar bishiya, gilashi a sauke. Yana zaune ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, waya a kife a cinya. Na zagaya na tsaya ta gefensa, rana tana dukan ƙeyata. Na jira ya fara, don kullum shi yake farawa.

Ya daɗe kafin ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Mahaifiyata ma ta sha faɗa min." Muryarsa ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. "Ba sai kin wahalar da kanki ranar Juma'a ba. Zan samu Baba in ce ni na janye, don kada a ga laifinki a gida."

Wallahi sai na ji kamar an zare min wani abu a ƙirji. Duk dariyar da ke cikin ranar ta gudu, na ga da gaske mutumin nan zai tayar da mota ya tafi, kuma ni ce zan tsaya ina kallo da bakina a rufe.

"Ba ka ji ƙarshen ba," na ce.

Ya juyo ya dube ni.

"Gwaggo ta ci gaba da magana bayan ka fita. Ta ce... wato ni dai ina ganin..."

Na tsaya a nan, inda ya saba cafewa. Na ba shi dama. Na ƙara ba shi. Ina roƙon Allah a raina ya ƙarasa min ko da ba daidai ba ne, in ce eh haka ne in huta. Na ga leɓensa yana motsi, na ga ya haɗiye. Ashe duk watannin nan surutunsa rumfa ce nake fakewa a ciki.

"Ina jin ki," ya ce. Bai ƙara ba.

Na dubi tayar motar, na dubi takalmina, babu mai taimako.

"Kana da surutu," na ce. "Yana ba ni haushi. Ina so in na fara magana ka bar ni in kai ƙarshe, ko da shirme zan faɗa. Kuma ba na so ka janye. Ranar Juma'a ka zo. Zan faɗa wa Baba da bakina kafin ka iso." Na ja numfashi. "Ina son ka. Shi ke nan."

Bai motsa ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, hannunsa yana matse da sitiyari.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Zan iya magana?"

"Kaɗan."

Ya buɗe baki. Na gyara tsayuwa na shirya wa ruwan sama. Ya rufe. Ya sake buɗewa, ya girgiza kai, ya sa bayan hannu ya goge ido. Mutumin da ke iya yin rabin yini a kan murfin tukunya ya nemi ko kalma ɗaya ya rasa.

Muna cikin haka na ji ƙwas-ƙwas na sabon takalmi a bayana. Gwaggo ce, ta gaji da jira, jakata a hannu ɗaya, ledar biskit a ɗayan. Ta dubi motar, ta leƙa ta ga wanda ke ciki, ta dubi mayafina. Na ga lissafin yana haɗuwa a fuskarta.

"Au," ta ce. Ta ciro wayarta daga tata jakar ta miƙo min. "Nemo min lambar ubanki. Ke za ki faɗa masa, ni zan riƙe miki jakar."